Kangon gidan inji da rijiyar kwal: me ya rage a ƙarƙashinsu?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a arewacin Ingila. Mun fita yawo bakin teku a garin Whitehaven, daga saman tudu na hango wani kangon ginin dutse can ƙasa dab da ruwa, ba rufi, tsawonsa ya fi faɗinsa. Allon da ke wurin ya ce Saltom Pit ne, tsohuwar mahaƙar kwal. Na so in sauka amma an toshe hanya. Don Allah mene ne aikin wannan gini? Kuma ramin da aka bari tun zamanin kakannin kakanninmu, wane haɗari ya rage a cikinsa da har ake hana mutane zuwa? Sannan mu da muke da kwal a Enugu, me ya sa ban taɓa ganin irin wannan gini a gida ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: aikin da ginin ya yi a zamaninsa, abin da ya rage a ƙasa bayan an tashi, da dalilin da ya sa mahaƙun Enugu ba su bar irin wannan kango ba. Sana'ata ke nan, binciken tsofaffin ramukan ma'adinai kafin a ɗora gida ko titi a kansu, don haka ka yi haƙuri in na tsawaita. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, ranar da aka rufe mahaƙa ma'aikata ne kawai suke tashi. Ruwa da iskar da aka yi ta fama da su suna nan suna aikinsu, sai dai yanzu babu mai tsare su.

Wurin da ka hango

Saltom ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin kwal. A 1729 aka fara haƙa rijiyarta, wato ramin da ya sauka a tsaye, aka gama a 1731 a zurfin ƙafa 456, kusan mita 139. Mai filin shi ne Sir James Lowther, wanda zuriyarsu ta raya Whitehaven da cinikin kwal zuwa Dublin, mai kula masa da aikin kuma Carlisle Spedding. Dalilin da ya sa suka sauko har bakin ruwa shi ne kwal ɗin yankin ba a kwance yake sak ba, ya karkata ne ya nutse ƙarƙashin teku. Sai suka haƙa rijiya a gaɓa, daga gindinta suka riƙa bin kwal ɗin ƙarƙashin ruwa. Ita ce babbar mahaƙa ta farko a Ingila da ta yi haka. An daina fitar da kwal daga cikinta a 1848, amma famfonta ya ci gaba da aiki shekaru bayan haka, domin ruwan wasu mahaƙun maƙwabta ta nan ake janye shi.

Tun ana cikin haƙa rijiyar suka ci karo da iska mai kama wuta tana fesowa daga dutse. Spedding ya killace wurin, ya ja bututu ya fitar da ita sama, aka kunna mata wuta a can tana ci. Shi ne kuma ya ƙirƙiro wani faifan ƙarfe da yaro ke juyawa yana gogar dutsen ƙyastu, tartsatsin ya zama hasken aiki a maimakon kyandir. An ɗauka ya fi kyandir aminci, kuma ya ɗan fi, amma shi ma yana tayar da gobara. Spedding kansa fashewar iskar mahaƙa ce ta kashe shi a 1755. Fitilar tsaro mai ragar waya da ake kira fitilar Davy ba ta zo ba sai 1815.

Ginin da ke tsaye yau gidan injin tururi ne, amma ba na zamanin Spedding ba ne, daga baya aka yi shi. A kusa da shi akwai alamar da'irar da dawakai suke zagayawa suna juya gangar igiya don ɗauko kwandunan kwal, kafin tururi ya karɓi wannan aikin.

Ruwa ne ya kawo inji

Duk ramin da ya wuce inda ruwan ƙasa yake tsayawa, ruwa zai shigo shi dare da rana, ba hutu. Kafin 1700 wannan shi ne iyakar mai haƙa a Birtaniya: in akwai kwari a kusa sai a fasa magudana ruwan ya gangara da kansa, in babu sai guga da dawakai, in ruwa ya fi ƙarfin dawakai a bar kwal ɗin a ƙasa. A wuri irin Saltom kuwa, inda bakin rijiya yake daidai da teku, babu inda ruwa zai gangara. Dole a ɗaga shi sama, kowane ɗigo.

Thomas Newcomen ne ya kawo mafita a 1712 da injin da ya kafa a wata mahaƙar kwal kusa da Dudley. Ka san famfon tuƙa-tuƙa na unguwa: dogon hannu a kan maƙali, ka danna wannan gefe, wancan gefe ya ɗago sandar da ke cikin burtsatse. To injin Newcomen hannun nan ne aka mayar da shi ƙato, tururi ya tsaya a matsayin mai tuƙawa. Gefe ɗaya na hannun yana leƙa bakin rijiya, a jikinsa an rataye sandunan katako da aka ɗaura da juna har ƙasa. Ɗaya gefen yana cikin ɗaki, a kan silinda mai fistin. Nauyin sandunan shi ke jan fistin sama. Sai a cika silindar da tururi, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa nan take ya bar wurin fanko, nauyin iskar sararin sama ya danno fistin ƙasa, hannun ya ɗago sandunan da ruwa. Na farkon yana bugawa kamar sau 12 a minti, kowane bugu ya ɗago lita 45 ko makamancin haka. Yana cin wuta ba kaɗan ba, domin kowane bugu sai an sanyaya silinda an sake ɗumama ta, amma a bakin mahaƙar kwal wa ya damu? Garin kwal da ba ya sayuwa shi ake zuba masa. Shi ya sa ko bayan James Watt ya yi rajistar gyaransa a 1769, inda ake sanyaya tururi a wani ma'aji dabam, mahaƙun kwal da yawa suka ci gaba da tsohon. Masu haƙar kuza da tagulla a Cornwall, da suke sayen kwal daga nesa da tsada, su ne suka yi rububin sabon.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. Gidan inji ba rumfa ba ce da aka yi don kare inji daga ruwan sama. Ginin kansa ɓangaren injin ne. Hannun nan, wanda daga baya aka koma yin sa da ƙarfen zubi mai nauyin tan da dama, a kan bangon gaba yake zaune, kuma wannan bango shi ke shan duk girgizar kowane bugu shekara da shekaru. Shi ya sa kaurinsa kan kai mita ɗaya da rabi ko fiye, an gina shi da manyan duwatsu sassaƙaƙƙu. Tsawon ginin kuma tsawon silinda ne da tafiyar fistin da wurin da hannun zai yi sama. Tukwanen tururi a gefe suke, da bututun hayaƙinsu. Ranar da aka rufe mahaƙa, ƙarfen inji shi ake fara kwashewa, ko a sayar wa wata mahaƙa ko a kai wa masu narkarwa. Katako da rufi su bi baya. Bango kuwa rushe shi ya fi darajar dutsensa tsada, sai a bar shi.

In ka sake cin karo da irin wannan kango a inda aka yarda a matso, ga yadda ake karanta shi. Nemi bangon da ya fi kauri, wanda sau da yawa samansa a buɗe yake inda hannun ya ratsa. In injin famfo ne, rijiya tana nan a gindin wannan bango, dab da shi. In injin ɗauko kaya da mutane ne, ginin yakan ja da baya kaɗan, kuma za ka ga gurbin babbar ƙafar inji ko na gangar igiya. Ramukan da ke jere a jikin bango mazaunin katakon bene ne, manyan ƙusoshin da suka fito daga dutsen ƙasa kuma su ne suka riƙe silinda. Ni da na iso irin wannan wuri, kafin in ɗaga kai in kalli gini sai na gano ta ina hannun ya leƙa, domin nan ne ba zan taka ba.

Wannan hannu da ke rataye a bakin rijiya ya taɓa jawo ɗaya daga cikin munanan masifun tarihin kwal. Ranar 16 ga Janairu 1862, a mahaƙar Hartley da ke Northumberland, hannun injin famfo mai nauyin sama da tan 40 ya karye, rabinsa ya faɗa rijiya. Rijiyar guda ɗaya ce tak, an raba ta biyu da katako, ta nan iska ke shiga ta nan take fita, ta nan mutane ke sauka, ta nan ake jan ruwa. Ƙarfen ya tafi da katakon da bangon rijiyar ya toshe ta. Mutum 204 suka rasu, manya da yara, mafi yawansu ba dutse ne ya danne su ba, iska ce ta gurɓace musu suna jira, sai bayan kwana shida aka iso gare su. A cikin wannan shekarar majalisa ta yi doka cewa kowace mahaƙa sai ta kasance da mafita biyu. Wannan yana da amfani gare mu har yau: a mahaƙar da ta yi aiki bayan wannan doka, in ka ga rijiya ɗaya, ka ɗauka akwai mafita ta biyu, ko da ba a ganinta.

Bayan an kashe famfo

A Saltom kanta, babban abin da ya sa aka toshe hanya shi ne tudun da ke samanta yana zaftarewa, teku kuma na cin gindin wurin. Bakin rijiyar an rufe shi da kankare. Amma tambayarka ta fi Saltom faɗi, kuma nan ne na fi son ka saurara.

Abu na farko ita ce rijiyar kanta. Mutanen da sukan rufe rijiya ta hanyar da ta fi musu araha. Wani lokaci a gitta katako a 'yan mitoci daga sama, a zuba ƙasa a kai, ciyawa ta fito, a manta. Wani lokaci a jefa itace da rassansa ya maƙale a tsakiya a bi shi da shara. Wani lokaci a cika ta da toka da ɓaraguzai tun daga ƙasa, wanda ya fi, amma shi ma ba dindindin ba ne, domin a gindin rijiya akwai hanyoyin da suka shiga gefe, in ruwa ya taso ya jiƙa cikon sai ya riƙa sulalewa cikinsu a hankali. Saman yana nan kamar ba abin da ya faru, alhali ƙarƙashinsa ya zama kogo. Katako yakan yi shekaru masu yawa kafin ya ruɓe, shi ya sa ake jin rami ya buɗe a lambun gidan da aka yi zuriya biyu ana zaune a ciki lafiya. Kuma in ya rufta ba faɗin rijiyar kaɗai yake ci ba. Ƙasar da ke saman dutse tana zubewa ciki ta kowane gefe, bakin ya yi faɗi. A lissafinmu mukan ɗauka cewa in akwai mita 10 na ƙasa mai laushi kafin a kai dutse, to kimanin mita 10 daga bakin rijiya ta kowane gefe ba wurin amincewa ba ne. Shingen da kake gani ya yi nesa da rami ba tsoro ne ya yi wa hukuma yawa ba.

Gano rijiyar da ta ɓace aiki ne na haƙuri. Tsohuwar taswira takan kauce da mita da dama, don haka mukan sa katafila ta riƙa fere ƙasar sama sannu-sannu, direban da mai kallo duk a ɗaure da igiyar tsaro, injin kuma a tsaye can baya yana miƙo hannu. Za a yi ta fere yumɓu mai ruwan ɗorawa, babu komai, sai kawai baki ya fara bayyana, a share a ga da'ira sak, cike da toka da gutsattsarin jan bulo da baƙar ƙasa, gefenta layin bulo ɗaya a jere kamar jiya aka gina. A wani fili da na yi aiki, da'irar ta fito ne daidai inda zanen mai gini ya sa ɗakin kwana. Daga nan sai a huda tsakiyarta da injin burtsatse a ji ko cikon ya kai ƙasa ko akwai fanko, a ɗura ruwan siminti ya haɗe shi, sannan a zuba murfin kankare mai rodi wanda ya zauna a kan dutse, faɗinsa aƙalla ninki biyu na faɗin rijiyar. Ko bayan haka, shawarata kullum ita ce a mayar da wurin fili ko wurin ajiye mota, kada a ɗora ɗaki.

Abu na biyu iska ce, kuma ita na fi tsoro domin ba a ganinta. Iri biyu ne manya. Akwai metan, wadda ta addabi Spedding, ba ta da nauyi, sama take bi, tana fashewa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri ta samu tartsatsi. Whitehaven ta san ta sarai: mutum 136 a mahaƙar Wellington a 1910, mutum 104 a mahaƙar William a 1947. Ta biyun ita ce wadda ta fi kashe masu leƙen tsofaffin ramuka. Kwal da ruɓaɓɓen katako da tsatsar ƙarfe suna shanye oksijin ɗin da ke ciki a hankali, su bar naitrojin da kabon dayoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana da nauyi, tana kwanciya a ƙasa-ƙasa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21. Na'urar gwajin da nake ratayawa a ƙirji takan fara kuka a 19.5. Wajen kashi 16 zuwa 17 fitila ke mutuwa. In ya sauka ƙasa da 10 mutum yakan faɗi ba tare da ya ji alamar shaƙewa ba, wanda ya sauka ceto shi ma ya faɗi a kansa. Na taɓa tsayawa a bakin wani rami da ya shiga gefen tudu, ina jin sanyi mai daɗi yana bugun idon sawuna, na'urar ƙirjina shiru. Da na saukar da ita da igiya zuwa gwiwa sai ta ɗauki kuka. Yaro ko kare a wannan wuri shi zai fara faɗuwa.

Kuma tsohuwar mahaƙa numfashi take yi. In nauyin iskar sama ya ƙaru sai ta ja iska ciki, in ya ragu, kamar gabanin hadari, sai ta huro abin da ke cikinta waje. Ramin da aka gwada jiya aka same shi lafiya yana iya zama ajali yau. Wannan iska ba sai an je wurinta ba ma. A Gorebridge da ke Scotland, kabon dayoksaid daga tsofaffin ramuka ya riƙa shiga sababbin gidaje, mazauna suna ciwon kai da jiri, har aka kwashe su aka rushe gidaje 64.

Abu na uku ruwa ne, wanda don shi aka gina gidan inji tun farko. Da an kashe famfo sai ya fara tasowa, wani wuri cikin watanni, wani wuri cikin shekaru goma-goma. A jikin kwal akwai ma'adinin farayit, haɗin ƙarfe da farar wuta. Lokacin da mahaƙa take bushe iska ta taɓa shi ya fara lalacewa, ruwa na zuwa sai ya narkar da abin, ya fito da tsami da ƙarfe a cikinsa. Da ya haɗu da iskar waje sai ya koma ruwan lemo-lemo, ya shafe duwatsun rafi, ƙwari da kifi su ƙare. Ruwan da ya taru kuma haɗari ne ga duk wanda ya zo haƙa kusa daga baya. Ranar 21 ga Maris 1973, a mahaƙar Lofthouse kusa da Wakefield, masu aiki suka fasa cikin tsofaffin ramukan ƙarni na 19 da ke cike da ruwa, mutum 7 suka rasu, gawa ɗaya kawai aka samu. Bayanin da ya nuna zurfin tsohuwar rijiyar yana nan a rubuce cikin littafin aikin wani masanin duwatsu na da, ba a dai duba shi ba kafin a shiga.

Saboda irin wannan ne nake cewa takarda ta fi bango muhimmanci a wannan sana'a. Sai a 1872 doka ta tilasta a ajiye taswirar mahaƙa a hannun gwamnati in za a rufe ta, duk abin da aka rufe kafin nan sai abin da Allah ya sa aka samu. A 1994 Birtaniya ta kafa hukumar Coal Authority, wadda aka sauya wa suna zuwa Mining Remediation Authority a 2024, ta ɗora mata alhakin wannan gado. A rajistarta akwai bakunan ramuka sama da 170,000, tana gudanar da wuraren tace ruwan mahaƙa fiye da 70, kuma mai sayen gida a yankin kwal yakan nemi rahotonta kafin ya biya kuɗi. Mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe, Kellingley, an rufe ta a Disambar 2015, amma wannan aikin babu ranar gama shi. Wani abin sha'awa, ruwan nan ɗumi gare shi saboda zurfi, kuma a Gateshead tun 2023 ana jan zafinsa ana ɗumama gine-gine.

Sai dai ka sani, babu injiniyan kirki da zai kalli hoto ko ya tsaya daga nesa ya ce maka rijiya kaza lafiya take, ni ma ba zan ce ba. Ko hudar burtsatse siririn layi ɗaya take nuna mana, abin da ke taku biyu daga gefenta hasashe ne. Gyaran ginin tarihi kansa kuma sana'ar wasu ce, ni daga ƙasa zuwa ƙasa nake. In kana son ganin injin a cikin ɗakinsa, je Elsecar kusa da Barnsley: injin Newcomen na 1795 yana nan a inda aka kafa shi, ya yi ta jan ruwa har 1923. A gidan tarihi na Black Country da ke Dudley kuma an ƙera kwafin na 1712.

Batun Enugu

Dalili biyu ne suka sa ba ka ga irin wannan gini a gida ba. Na farko yanayin ƙasa: kwal ɗin Enugu yana leƙowa ne a jikin tsaunukan Udi, don haka ba a buƙaci rijiya mai zurfi ba, ramuka aka fasa a kwance suka shiga gefen tsauni. Na biyu zamani: a 1909 aka gano kwal ɗin, a 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal, lokacin kuwa injin mai ƙaton hannu ya riga ya zama tsohon yayi, ƙananan famfuna sun karɓi aikin. Sauran wuraren da ake haƙar kwal a ƙasashenmu yau, kamar Maiganga a Gombe da Anu Araren kusa da Agadas, a buɗe ake fere ƙasa daga sama.

Rashin kango ba ya nufin rashin gado. Kwal ɗin Enugu shi ya ja jiragen da suka kwashe gyaɗar Kano da kuzar Jos. A mahaƙar Iva Valley da ke Enugu ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949, abin da ya ƙara wa fafutikar neman 'yanci wuta. An kafa hukumar kwal ta ƙasa a 1950, fitarwa ta kai kusan tan 900,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1950, daga nan jiragen ƙasa suka koma dizal, aka samu man fetur, aka gina Kainji, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki ruwa ya cika ramuka. Harkar ba ta sake komawa yadda take ba. Yau bakunan mahaƙun Onyeama da Okpara suna nan cikin ciyawa, ruwa mai tsami yana fitowa daga tsofaffin ramukan yana shiga rafuka irin su Ekulu, gari kuma sai faɗaɗa yake yi yana hawa tsaunin. Duk haɗurra ukun da na lissafa maka, rami da iska da ruwa, suna can. Rami a kwance ma ya fi yaudara, domin da ƙafa ake shiga, ba a jin an sauka ko'ina.

Da za a tambaye ni ina za a fara sa kuɗi, ba zan ce gidan tarihi ba, duk da ina son a yi shi, kuma ma'aikatan Iva Valley sun cancanci fiye da haka. Zan ce a tattara duk taswirar ramukan da ta rage a ɗauki hotonta a ajiye a kwamfuta, a ɗora ta a kan taswirar garin ta yau, a sa ofishin ba da izinin gini ya riƙa dubawa kafin ya sa hannu. A nemi tsofaffin ma'aikatan da suke raye, a bi su tsauni su nuna bakunan da ba sa cikin takarda, domin kowace shekara raguwa suke yi. Bayan haka a sa ƙofofin ƙarfe masu raga a bakunan ramuka, waɗanda za su hana mutum shiga amma su bar iska da ruwa su fita, domin toshe rami da kankare gaba ɗaya yakan tara ruwa a bayansa ya je ya fasa ta wani wurin da ba a zata ba. Wannan tsarin shi nake so a bi a ramukan kuza na Filato da na zinare a Zamfara, inda masu haƙa suke tashi su bar rijiyoyi a buɗe a cikin gonaki da burtalin shanu, ba tare da kowa ya rubuta inda suke ba.